Rigar Shekara Ashirin

Sau uku Fumie tana fita daga shagon Onodera, sau uku yana kiranta ta dawo.

Abin da take ciniki kimono ne, doguwar rigar gargajiya, ja mai zanen gauraka, hannuwansa sun kusa sharar ƙasa, irin wanda 'yan mata ke sawa ranar da gari ke tara duk waɗanda suka cika ashirin a shaida musu sun zama manya. Onodera ya ce ta ɗauki haya kamar kowa. Ta ce ba ta sa wa yarinya abin da ya sha gumin wata. Da ya faɗi kuɗin saye, sai ta juya cikin rigar ta nuna masa inda ɗinki ya karkace, ta ce ko buhun kawa ba ta ɗaurewa haka.

Da suka daidaita, yana naɗewa ya ce, "Na Kaho ne, ko? Ashe har ta kai."

Ya buɗe baki zai ƙara wata magana, ta tare shi, ta ce ya zuba takalmi da jaka a ciki, gyara ne. Ya zuba bai yi musu ba.

Tun shekarar da teku ta hauro ta cinye rabin garin, ta haɗa da mijinta da jirginsa, Fumie ba ta roƙi kowa komai ba. Ɓare kawa, katantanwar teku, take yi a rumfar bakin ruwa har yatsunta suka daina miƙewa. Da wannan ta ciyar da Kaho, ta kai ta ƙarshen makaranta. Abu ɗaya ya rage mata: ta ga yarinyar ta shiga zauren gari cikin dogon hannu, an kira sunanta ta amsa.

Kaho kuwa ta ce ba za ta ba.

Tun watan jiya katin gayyata ya zo, ta tura shi ƙarƙashin tukunyar shinkafa. Fumie ba ta iya karatu can ba, amma ta san tambarin ofishin gari, ta ciro shi ta jingine a kan tebur. Kaho ta ce akwai sanyi. Ta ce aikin da ta samu a birnin Sendai na jiranta. Ta ce ba kowa ne ke zuwa ba. Kowace hujja ta kawo, Fumie ta ƙi tayawa.

Ran Litinin da safe, ranar taron, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Fumie ta shimfiɗa rigar a kan tabarma. Kaho ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon gaurakan, ba ta matso ba.

"Inna, ki mayar masa. Ba ni ya kamata in sa wannan ba."

"To wa? Ni, da bayan nan nawa kamar jatan lande? Matso."

"Kin san abin da nake nufi."

"Na san na sha ciniki. Kuma abin da ya fita daga shagon tsohon nan ba ya komawa."

Kaho ta matso. Fumie ta naɗa mata tawul a ƙugu, ta ɗora rigar ciki, sannan jan. Ya yi mata tsawo. Da ido Fumie ta auna, kuma matan danginta dogaye ne. Ta tattare abin da ya yi yawa ta ɓoye ƙarƙashin ɗamara, ta ja da ƙarfi har yarinyar ta yi nishi. Hawayen da ya zubo wa Kaho ta ce na matsi ne. Fumie ta ce ta riƙe shi, hodar nan ba kyauta ba ce.

A ƙofar zauren 'yan mata na ta ɗaukar hoto, mayafin farin gashi a wuya, samari cikin kwat suna tsokanar juna da sunayen ƙuruciya. Iyayen da suka ga Fumie suka sunkuya mata ƙasa fiye da yadda ake yi wa mai ɓare kawa. Ta amsa da kai kawai, ta wuce.

A layin gaba akwai kujeru bakwai da ba kowa a kai, sai fure. Na 'yan ajin su Kaho da ruwa ya tafi da su ne. Iyayensu na tsaye can jikin bangon baya, kowa rungume da hoto.

Nan ƙafar Kaho ta tsaya. Ta juyo za ta fita, Fumie ta tare hanya.

"Shiga ki zauna. In an kira ki, ki amsa da ƙarfi yadda na baya za su ji. Ba alfarma nake nema ba, Kaho. Bashin kowa ba ya kanki, ki rayu kawai."

Yarinyar ta shiga, hannuwan rigar na lilo a gefenta. Aka yi jawabai. Aka fara kiran sunaye. Da aka zo kan nata, ta miƙe ta amsa, muryarta ta kai har bango.

Fumie ba ta zauna cikin iyayen da aka ajiye wa kujeru ba. Jikin bangon ta je ta tsaya, aka matsa aka ba ta wuri kamar an san za ta zo. Ta buɗe jakarta ta ciro hoton Chinatsu, 'yarta tilo, tana da shekara goma, ta ɗaga shi saitin ƙirji don ita ma ta ga rigar.

Hular makaranta iri ɗaya yaran biyu suka sa ranar da teku ta hauro, ruwan kuma baƙi ƙirin ne. Sai da Fumie ta kai kan rufi, ta share laka daga fuskar yarinyar da ta fizgo, sannan ta ga Kaho ce, 'yar maƙwabta.