Gawa Ta Goma Sha Tara

Gawa ta goma sha takwas ma atishawa ta yi. Anti Na-gaba ta yaye zanen, ta ce wa matar ta sauka ta kama hanyar gida, Allah ya ƙara lafiya tunda dai ta ƙi mutuwa. Ta ɗaga kai ta duba agogon bango, uku da kwata.

Kun dai san aikin Anti, ita ke zaɓo wa masu fim 'yan wasa. Sunan ma a bakin aiki ta samo shi, don kafin ka gama buɗe baki ta ce "na gaba". To wannan karon Darakta ne ya rubuto fim da za a buɗe da gawar wata tsohuwa a kwance, minti tara cur, kyamara a kanta, ba yankewa. An ce masa a jera filo a rufa da zane, ya ce shi fasaha yake yi ba wasan yara ba. Gobe da safe za a fara ɗauka, shi ya sa ya jawo kujera ya tokare ƙofa, ya rantse Anti ba za ta fita ba sai ta ba shi gawa.

Ita kuwa ƙarfe biyar take da alkawari. Yau za ta fara zuwa gaida mahaifiyar Dogo, wanda zai aure ta, kuma maganar auren kaf a hannun Mama take. Dogo ya ce ta taɓa soke wata don ta makara da minti goma, wata kuma don ta miƙa mata ruwa ba a kan faranti ba. Wai ba ta faɗa, ba ta musu, ido kawai take zuba wa mutum ta ga inda tarbiyyarsa ta tsaya. Sati guda Anti ta yi tana gwada durƙuso a gaban madubi.

Dokar ɗakin gwajinta uku ce. Ba a faɗin suna, lamba ake manna maka a ƙirji. Ba a magana sai an ce ka yi. Waya kuma duk cikin bokiti a bakin ƙofa, har da tata, wadda tun wajen ƙarfe uku take ta gurnani a ƙasan sauran.

Gawawwakin yau kuwa sai addu'a. Wata kam dariya ce ta ƙwace mata. Wata ta yi minshari. Wata ta tambaya ko gawar za ta iya barin tabarau ɗinta, wata kuma ta tashi zaune tana neman a ba ta ko da layi ɗaya ne ta faɗa.

Mai kyamara ya leƙa baranda ya ce saura wata dattijuwa a ƙarshen benci, amma ba lamba a jikinta. Darakta ya ɗan kauce, Anti ta fita da kanta, ta rubuta sha tara, ta manna mata a kan leshi, ta jawo hannunta. Doguwar mata ce, ta sha guga da turare, ga wata leda mai ƙyalli a hannu. Matar ta buɗe baki za ta yi magana.

"Iya, gawa ba ta gaisuwa. Cire 'yan kunne ki hau tebur."

Dattijuwar ta kalle ta tun daga ɗankwali har takalmi, kallo mai tsawo. Sannan ta ajiye ledar, ta cire 'yan kunnen, ta hau. Ƙafafunta har sun zarce teburin. Anti ta goge mata kwalli da tsumma, ta bula mata farar hoda, ta tura mata auduga a hanci.

Aka fara gwaji. Anti ta sosa mata tafin ƙafa da tsinken tsintsiya, shiru. Ta saki tiren ƙarfe dab da kunnenta, ko gezau. Ƙuda ya sauka a goshinta ya yi yawonsa ya gaji ya tashi. Daga nan Anti ta faɗa kanta tana jijjiga ta tana kururuwa, yadda 'yar tsohuwar za ta yi a fim ɗin. Minti tara ya wuce, sha ɗaya ya wuce. Darakta ya cire hula yana share hawaye.

Daɗi ya kama Anti, ta sunkuya kunnen matar.

"Iya, shekara goma ina aikin nan, ban taɓa ganin wadda mutuwa ta karɓa kamarki ba. Wallahi ko 'ya'yanki suka gan ki a haka sai sun fi son ki."

Ta ja zanen ta rufe ta har ka, ta ce kar ta kuskura ta motsa sai ta ji an ce ta tashi, don Darakta zai ɗau hoto. Darakta ya janye kujerarsa daga ƙofa. Huɗu da minti ashirin. Akwai lokaci, har ma ta tsaya ta sayi 'ya'yan itace a hanya. Ta canja takalmi, ta gyara mayafi, ta yi durƙuso ɗaya na gwaji, sannan ta tono wayarta daga bokiti.

Kira sha huɗu, duk na Dogo, sai saƙo guda: "Mama ta ce ba ta son a shirya mata, ta fi son ta ga mutum a wurin aikinsa. Na sauke ta a ƙofar ofishinku tun uku, tana kan benci da tsarabarki a leda. Don Allah ruwan a kan faranti." Anti ta waiga a hankali, ga zane nan a miƙe ko numfashi ba ya yi, ana jiran umarninta. Ku faɗa min tsakani da Allah, in ku ne, da wane bakin za ku ce mata ta tashi?