Dabarar Doña Teófila

"Doña Teófila, injiniya na kiranki. Yanzu-yanzu!"

Shekara goma sha tara tana kula da injin niƙa dutse a mahaƙar dalma da tutiya da ke tsaunukan yankin Pasco, ba a taɓa kiranta ofis ba.

Da ta shiga, Injiniya Huamán ya tsare ta da ido. "Mamita, uwata, duk ranar aikinki sakamakon tace tutiya sai ya canza. Me kike taɓawa?"

Ta tuna jikokinta uku, ta sunkuyar da kai. "Gudun injin nake ragewa kaɗan. Don Allah kada ka kore ni."

Sai ya daka tsalle ya rungume ta. "Kora? Ke da kika cece mu! Rabin tutiyarmu laka take bi ta salwanta, har ana maganar rufe wurin, amma a hannunki kusan duka muke kamawa. Ƙwararrun birnin Lima sun kasa gano dalili. Wa ya koya miki wannan dabara?"

Ta gyara hularta.

"Wace dabara kuma, papito, ɗana? Ƙarar banzan nan ce ke hana ni jin wasan kwaikwayona a rediyo."