Babban Yatsan Baba

Ina aji biyu a Maradun malaminmu ya kafa doka: duk aikin gida sai uba ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa.

Bayan la'asar na iske Baba zaune a zaure, ba abin yi tunda ruwan dam ya cinye gonarmu. Na miƙa masa littafina da kwalbar tawada. Ya daɗe yana kallon babban yatsansa.

"Ɗana, sau ɗaya na taɓa dangwala wa takarda. Ka ga inda gonar take yanzu."

Ya mayar mini da littafin a hankali. Na sha bulala wurin malam har na daina zuwa makaranta, Baba kuwa bai taɓa tambayata dalili ba. Yau ni ma yatsa nake dangwalawa.