Gonar da Mai-Zaƙi Ya Kashe da Hannunsa

Ranar da Baffa ya zo karɓe gonar raken, Mai-Zaƙi yana tsugune a tsakanin kunyoyi, laka har gwiwa. Baffan nan ƙanen mahaifinsa ne, kuma ko daga kan babur bai sauko ba.

"Kana sare na bana, ka kwashe komatsanka. Gonar nan aro na ba ubanka."

"Aro, Baffa? Gonar da aka yaye ni a cikinta?"

"To ai ka yayu. Sai ka yi gaba."

Masu sarin rake ne suka laƙa masa sunan Mai-Zaƙi, domin in ka gatsa rakensa sai ruwan ya gangaro maka har gwiwar hannu. Shi kuwa ya san inda zaƙin yake fitowa. Wata shekara malamin gona ya tono saiwar rake, ya sa ta ƙarƙashin wani madubi mai girmama abu, ya ce masa ya leƙa. Sai ga waɗansu halittu mitsi-mitsi suna ta kai da komo kamar ana cin kasuwa.

"Bakteriya ke nan, amma masu amfani," in ji malamin. "A cikin saiwa suke zaune da kewayenta. Rake ya ɗanɗana musu zaƙi, su kuma su kamo masa abinci daga iska."

Ka ji ikon Allah, mai karatu. Gari guda a ƙarƙashin tafin ƙafarka, ba mai unguwa, ba ɗan doka, kowa yana aikinsa. Tun daga ranar Mai-Zaƙi ya daina ƙona ganyen rake. Sai ya shimfiɗa musu shi ya ruɓe, ya bi da kashin shanu. Da safe har gaishe su yake yi.

Mai-Zaƙi ya kai ƙarar Baffa wurin dangi. Suka ce a jira Gwaggo, babbar yayar su Baffa, domin a gabanta aka yi rabon gado. Tana can nesa tana jinyar ƙafa.

Jiran ne ya gagara. Kullum sai Baffa ya zo da ɗansa su zaga iyaka, su karya rake mafi kauri su sha, su tofar da tuƙar a gabansa. Zuciyar Mai-Zaƙi ta yi ta tafasa har abinci ya daina shigarsa.

Da aka gama sara, ya je wurin makanike ya ciko jarkoki da baƙin mai, ya haɗa da buhunan gishiri. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban yara, me za ka yi da wannan ƙazanta?"

"Miya zan yi wa Baffa."

"Don girman Allah ka jira Gwaggo."

"Kafin ƙafarta ta warke, ɗan Baffa ya yi tumbi da gumina. Ƙasa yake so, ƙasa zai samu. Amma abin da ke cikinta ni na kiwata, ni zan kashe. Matsa mini!"

Rana tsaka ya yi aikin. Ya tara ganye a kan kututturan rake ya cinna wuta. Ya barbaɗa gishirin kunya-kunya, ya tuttula baƙin man, sannan ya tayar da injin ban-ruwa don ruwa ya kai dafin har ƙarƙashi. Tsutsotsi suka fito suna murɗewa. Ya tsaya yana kallo, yana jin wani sanyi a ƙirjinsa.

Ba a daɗe ba sai ga Gwaggo, tana dogara sanda. Dangi suka taru. Ta dubi Baffa sama da ƙasa.

"Aro? Kai, ɗan ƙanƙanin nan, ni za ka yi wa tatsuniya? Ni na riƙe bakin igiya ranar awo. Gonar ta yayanka ce, yanzu kuma ta ɗansa."

Kowa ya zaci Baffa zai yi gardama. Ashe da safe ya biya ta gonar, ya ga yadda ta yi baƙi, ya shaƙi warin. Sai ya yi murmushi.

"Na yarda, Yaya. A ba shi abinsa. Duka, kada a rage masa ko taku ɗaya."

Mai-Zaƙi ya sake dasa rake. Rabi bai tsiro ba. Wanda ya tsiro ya fito rawaya, siriri kamar tsinken tsintsiya. Ya sayar da akuyoyin matarsa ya zuba takin zamani, ƙasa ta yi kamar ba da ita ake ba. Malamin gona ya zo, ya murza ƙasar a hannu, ya girgiza kai.

"Ba kowa a ciki."

"Yaushe za su dawo, Malam?"

"Sai an kankare wannan, an kawo wata ƙasa, an yi ta wanke gishirin. Shekaru ne, ba damina ɗaya ba."

Yara suka koma cin abinci sau ɗaya a yini. Da yunwa ta matsa, Mai-Zaƙi ya ɗauki addarsa ya shiga layin masu ƙodago. Gonar da ake neman masu sara a yankin kuwa ta Baffa ce, wadda ya gada ta halal. Yanzu a can Mai-Zaƙi yake ɗaurin rake yana ɗora wa mota. Duk safiya Baffa yakan tsayar da babur kusa da shi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Mai gona! Ya gona?"

Ya kai mai karatu, ƙasa rayayya ce, kuma cike take da bayin Allah da ke ciyar da mu ba mu gani. Duk zafin zaluncin da aka yi maka, bi haƙƙinka ta hanyar gaskiya, kada ka huce a kan ƙasa. Wanda ya kashe ta don ya ƙuntata wa wani, abincin 'ya'yansa ya kashe.