Zaren Ƙafar Hagu

Duk shekara, da an fara kai auduga kasuwa, sai wata farar mota ta tsaya a gaban rumfar Malam Abdulmutallib baduku a Funtuwa. Gilashin baya ya sauka, hannu ya miƙo zare mai ƙulli biyu, ɗaya na tsawon ƙafa, ɗaya na kaurinta. Haka mutanen karkara ke aiko awo in mai takalmi ba zai iya zuwa ba.

Ƙafar dama lafiyarta ƙalau, ta hagu ce ke cin fata. Tundurmi ne, Malam kuwa ya san shi farin sani, don shi matarsa Hansai ta yi ta ja har ta koma ga Allah. A ƙafarta ya koyi ɗinkin da ba ya gurje kumburi.

Mai motar, Dakta Shafa'atu, 'yar Gozaki ce, tana bincike a wata jami'a a Zariya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa saukowa ta gaishe shi ba, abin kuma yana ci masa rai. Boko ke nan, in ji shi, ka bar tsohuwarka a ƙauye da ƙafa kamar turmi, kai kana hakimce a gidan baya.

"Yaya jikin Inna?" yakan tambaya.

"Mai ƙafar tana godiya, Baba. Sai dai a sassauta wajen idon sawu, yana ci."

Wata shekara ya tambaye ta aikinta, ta yi masa bayani da harshensa. Tsutsar da sauro ke sa wa mutum tana da wani sinadari a jikinta, kamar almakashi, da shi take yanke tsohuwar fatarta ta saɓule ta girma. Su maganin da zai dakushe almakashin nan suke nema. Tun daga ranar Malam ya sa abin a addu'a: Allah ya sa maganin ya riski tsohuwar nan, tunda Hansai bai riske ta ba.

Amma zaren bai jira kowa ba. Malam yana rataye tsofaffin a ƙusa, na kowace shekara ya fi na shekarar da ta gabace ta. Bara da ya ga inda ƙullin ya kai, haƙurinsa ya ƙare.

"Haba Likita! Ɗiyar kirki ba zare take aikowa ba. Tsayawa take yi ta wanke ƙafar da hannunta."

Gilashi ya hau, mota ta tafi.

Bana sai da auduga ta kusa ƙarewa sannan ta zo, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce a ɗakin gwaji maganin ya kashe tsutsar, saura a gwada shi a kan mutane, wannan kuwa aikin shekaru ne. Yaran Gozaki da na Ƙarfi, in Allah ya yarda, za su tsira.

"Alhamdu lillahi! To ita fa?"

"Ƙafar da ta riga ta kumbura ba ta komawa, Baba. Tun farko na san haka."

Tausayin tsohuwar da bai taɓa gani ba ya kama Malam har idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙa hannu zai karɓi zare, babu zare.

"Bana mai ƙafar ba ta iya sunkuyawa ta auna," in ji ta. "Sai dai kai."

Ya ɗauko sabon zare, ya gyara hula, ya ce to, a je Gozakin.

Direba bai tayar da mota ba. Sai Shafa'atu ta buɗe ƙofa, ta sa hannu biyu ta ciccibo ƙafarta ta hagu, ta dire ta a gabansa cikin takalmin da ya ɗinka bara, ɗinkin duk ya fashe.