Hannun Baba a Bakin Dogo

Zamanin Turawa ne na bi Baba daga Goronyo, muka kora jakuna da gyaɗa zuwa Ƙaura. A wajenmu ko mai doki yakan ja linzami dabba mai kaya ta wuce. Shi ya sa da jakinmu ya turje a kan layin dogo, Baba bai doke shi ba, hannu kawai ya ɗaga wa jirgin da ke tahowa.

Da jirgin ya wuce, Baba ya tsuguna kan gyaɗar da ta watse cikin jini.

"Mi ya hana shi tsayawa? Ai ya gan ni."

Wani lebura ya ce, "Haƙuri, Baba, an ce za a yi gada."

Har Baba ya rasu ana cewa. Ga ni da furfura, ana cewa.