Ƙullin Hagu

Tun bayan rikicin gada aka kafa doka: ba mai fita sai da marufin fuska mai sauya murya, kuma laifi ne a tambayi asalin mutum ko ya faɗa. Fuska ɗaya, murya ɗaya, in ji hukuma, sai a zauna lafiya.

Ranar Laraba Tabawa ta goya 'yarta ta tafi neman ɗakin haya. Mai gidan, Hajiya Dudu, ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta nuna mata rijiya, har ta ciro makulli. Sai goyon ya sassauta, Tabawa ta sake ɗaurewa.

Hajiya ta tsura wa ƙullin ido.

"Af, na manta, 'yar nan. An riga an kama ɗakin."

Tabawa ta gane. An ce matan tsallaken kogi ne ke ƙulla goyo ta hagu. Ita kuwa a unguwar nan aka yanke mata cibiya. Hannunta na dama ne ya ƙone a rikicin, ba ya iya jan zane. Ta haɗiye maganar.

"Ba komai, Hajiya. Allah ya sa haka ya fi alheri."

A tashar mota wata mai goyo ta matsa mata wuri a benci. Tabawa ta saci kallon ƙullinta. Ta hagu yake. Ƙafafunta na zogi, amma ta ce ta gode, ta fi son tsayuwa.